Dare Ɗaya a Gidan Wasan Manya: Ina Iyakar Wasa, Ina Mafarin Caca?

Darasinmu na wannan karo ya shafi wani irin gidan shaƙatawa ne wanda ya bunƙasa a ƙasar Amurka, irinsa kuma ya riga ya fara leƙowa cikin manyan kantunan zamani na birane kamar Legas da Abuja. Gida ne da aka haɗa abu uku a ƙarƙashin rufi ɗaya: wurin cin abinci, da mashaya, da wani makeken zaure cike da injinan wasa masu fitilu da kiɗa. Domin manya aka gina shi, watau ma'aikata da magidanta da samari da 'yan mata waɗanda suka tashi daga aiki suna neman inda za su sha iska da dare. Wanda ya shiga ba zai ga teburin karta ba, ba kuwa zai ga ana ƙirga wa wani kuɗin da ya ci ba, saboda haka ba a kiransa gidan caca. Duk da haka mutum yakan shiga da aljihu cike ya fito da shi wayam, yana riƙe da 'yar tsana ko kofin roba, ya kuwa kasa faɗin inda kuɗinsa suka bi. Tambayar da ke gabanmu ita ce: ya halatta Kirista ya je irin wannan wuri? In kuwa ya je, da wane ma'auni zai gane inda wasa ya ƙare, wani abu dabam kuma ya soma?

Asalin gidan

Mafi shahara cikin waɗannan gidaje shi ne Dave & Buster's. Mutum biyu ne suka kafa shi, David Corriveau da James Corley, wanda ake yi wa laƙabi da Buster. Da farko maƙwabtan sana'a ne a garin Little Rock na jihar Arkansas, ɗaya yana da gidan wasanni, ɗaya yana da gidan abinci da abin sha. Sai suka lura cewa mutanen da ke fita daga ƙofar wannan su ne ke shiga ƙofar wancan, su ci su sha su koma wasa, in sun gaji su dawo su ƙara sha. Suka yi shawara su haɗa sana'o'in biyu wuri ɗaya, a shekarar 1982 kuwa suka buɗe gidansu na farko a birnin Dalas na jihar Teksas, cikin wani tsohon ɗakin ajiyar kaya. An ce da aka zo batun sunan wa za a fara rubutawa a allo, kwabo suka jefa sama, Dave ya ci. A shekarar 2022 kamfanin ya sayi wani kamfani irinsa mai suna Main Event a kan dala miliyan 835, gidajen da ke hannunsa suka haura 200.

Akwai wani lissafi da ya kamata mai karatu ya riƙe tun yanzu. Cinikin kamfanin na shekarar 2023 ya kai wajen dala biliyan 2.2, kusan kashi biyu cikin uku na wannan kuɗi kuwa daga injinan wasa suka fito, sauran daga abinci da abin sha. Abin da kamfanin ke kashewa a kan kyaututtukan da masu wasa ke ɗauka bai wuce wajen kashi ɗaya cikin goma na kuɗin da wasan ke kawowa ba. Ba ɓoye wannan lissafi aka yi ba, yana cikin rahoton da kamfanin ke bai wa masu hannun jari. Ma'anarsa ita ce abinci da abin sha ke zaunar da baƙo, inji kuma ke kawo riba.

Yadda dare yake tafiya

Bari mu bi wasu abokan aiki da suka je can ranar Juma'a da yamma. Abu na farko da za su yi shi ne sayen kati. A zamanin da, mai wasa yakan jefa tsabar kuɗi cikin inji, yana jin nauyinsu yana raguwa a aljihu, in sun ƙare ya tashi. Yanzu kuwa mutum yakan biya kuɗi tun a bakin ƙofa, a zuba masa maki cikin wani katin roba. Daga wannan lokaci ya daina ganin dala. Inji ba ya ce masa wasan nan kuɗi kaza ne, maki yake nema, sau da yawa ma da ɗigo, kamar shida da ɗigo takwas, lissafin da ba mai iya mayar da shi kuɗi a ka cikin hayaniya. Wanda ya zuba kuɗi da yawa a tashi ɗaya akan ƙara masa gyara, don haka yakan ga kamar wauta ce ya sayi kaɗan.

Wasannin iri biyu ne. Akwai waɗanda ake yi domin daɗinsu kawai: tseren mota a allo, rawa a kan faifai mai fitila, sinuka, ko mirgina ƙwallo mai nauyi a kayar da 'yan sanduna goma. Mutum ya biya, ya yi wasa, ya yi dariya da abokansa, magana ta ƙare. Akwai kuma waɗanda ke ba da tikiti: jefa ƙwallo cikin raga, juya wani babban faifai mai lambobi, tura tsaba har su zubo daga baki, ko sauke ƙugiya ta kamo kaya daga cikin akwatin gilas. Tikitin yakan taru cikin katin nan, a ƙarshen dare a tafi da shi wani ɗan kanti da ke cikin gidan a musanya shi da kaya, daga alewa har zuwa kayan lantarki masu tsada waɗanda aka ɗora can sama inda kowa zai hango.

Ku lura da sau nawa kuɗin suka sake kama. Dala ta zama maki, maki ya zama tikiti, tikiti ya zama kaya. A kowane mataki mutum yana ƙara nisa da sanin abin da ya kashe. A ce ya zuba dala hamsin, ya fito da abin da ake sayarwa dala biyar a kasuwa. Ba zai ce ya yi asara ba, cewa zai yi ya ci kyauta. Masana sun daɗe da gane wannan hali na ɗan Adam. A shekarar 2001 wasu malamai biyu na jami'ar MIT, Drazen Prelec da Duncan Simester, sun buga sakamakon wani gwaji inda suka sa ɗalibai su yi tayin tikitin kallon wasan ƙwallon kwando. Waɗanda aka ce za su biya da kati sun taya kusan ninki biyu na abin da masu biya da tsabar kuɗi suka taya. Hannun da ba ya ƙirga kuɗi ba ya jin zafin rabuwa da su. A kan wannan sai a ƙara giya, wadda ake kawo wa mutum har inda yake tsaye, da kiɗa mai ƙarfi, da fitilun da ba sa nuna ko dare ya yi nisa.

Ikilisiya ba ta gaba da wasa

Wani zai yi tsammani daga nan za mu yanke hukunci mu ce kada kowa ya taka ƙofar. Ikilisiya ba ta koyar da haka ba, kuma bai kamata mu ɗora wa mutane kayan da Ubangiji bai ɗora musu ba. A bikin aure ne a Kana Yesu ya yi alamarsa ta farko, kamar yadda muke karantawa a Yohanna sura 2, a Markus sura 6 kuma shi da kansa ya janye almajiransa daga taro domin su huta. Waliyyi Toma Akwinas, babban malamin Ikilisiya wanda ya rasu a 1274, ya keɓe tambaya guda cikin babban littafinsa na tauhidi a kan wasa da raha. Koyarwarsa ita ce, yadda jiki ke gajiya ya nemi barci, haka rai ke gajiya da tunani da ɗawainiya, hutunsa kuwa shi ne jin daɗi. Ya kawo wani tsohon labari game da Yohanna Manzo: wasu sun same shi yana wasa da almajiransa, suka ga abin bai dace da girmansa ba. Sai ya sa ɗaya daga cikinsu mai riƙe da baka ya yi ta harba kibiya, sa'an nan ya tambaye shi ko zai iya ci gaba da haka ba tsayawa. Mutumin ya amsa cewa bakan zai karye. Yohanna ya nuna masa cewa haka zuciyar mutum take in ba a taɓa sassauta mata ba.

Akwinas bai tsaya nan ba. Ya ce mutumin da ba ya raha ko kaɗan, wanda kullum fuskarsa a murtuke take, yana kuma ɓata wa wasu nishaɗinsu, shi ma yana da aibi. Wannan magana ta shafi wasunmu masu ganin cewa ɗaure fuska shi ne tsoron Allah. Waliyyi Yohanna Bosko yana yaro yakan yi tafiya a kan igiya da wasannin dabo domin ya tara yaran ƙauyensu, in sun taru ya maimaita musu wa'azin da ya ji a coci. Saboda haka abokan aikin da suka je suka ci abinci tare, suka yi gasar jefa ƙwallo, suka yi wa wanda ya sha kaye dariya, suka koma gida da wuri, ba su yi zunubi ba. Mai yiwuwa ma sun yi abin kirki, gama zumunci yakan ƙaru a wurin wasa fiye da a ofis.

Sai dai malamin ya gindaya sharuɗɗa. Kada a nemi daɗin a cikin abin kunya ko abin da ke cutar da wani. Kada mutum ya sake har hankalinsa ya kuɓuce masa gaba ɗaya. Wasan kuma ya dace da mutumin, da lokacin, da wurin. Ya kwatanta raha da gishiri, wanda kaɗan ya isa miya. Sharaɗi na biyu shi ne ya fi shafar zancenmu, domin akwai injinan da aka ƙera musamman don su raba mutum da hankalinsa.

Abin da ke cikin inji

Gardama a kan ko injin wasa gwaninta ne ko caca tsohuwa ce a Amurka. A shekarar 1942 magajin garin New York, Fiorello La Guardia, ya haramta wani inji da ake kira pinball, inda ƙaramin ƙwallon ƙarfe ke gangarowa tsakanin turaku yana tara maki. Hujjarsa ita ce injin na cinye kuɗin abincin 'yan makaranta. 'Yan sanda suka kwashe dubbai, aka farfasa su da guduma. Haramcin ya daɗe har 1976, lokacin da wani gwani mai suna Roger Sharpe ya tsaya gaban majalisar birnin, ya faɗi inda zai aika ƙwallon tun bai harba ba, ƙwallon kuwa ya bi ta nan. Majalisa ta yarda cewa akwai gwaninta a ciki, ta ɗage dokar. Dattawa a cikinmu za su tuna da injinan kalo-kalo, waɗanda gwamnatin soja ta haramta a Nijeriya a 1977. A dokokin wurare da yawa, abin da ke raba wasa da caca shi ne wannan: in iyawar mutum ce ke kawo nasara, wasa ne, in sa'a ce, caca ce.

Matsalar ita ce akwai injin da ke sanye da rigar gwaninta alhali sa'a ce a ciki, wani lokaci ma ko sa'ar babu. Injinan ƙugiya da yawa suna da saiti a ciki wanda mai gida ke iya juyawa: ƙugiyar ta kama kaya da ƙarfi, ta ɗaga, sa'an nan ta sassauta a hanya kayan ya faɗi, sai bayan an yi wasa sau kaza za ta riƙe har ƙarshe. A shekarar 2019 babban lauyan jihar Arizona ya sa wani kamfanin rarraba injina ya biya dala miliyan 1 saboda wani inji da ake tura mabuɗi cikin rami don a ci kyauta mai tsada. An gano cewa ana iya saita shi yadda ba mai iya ci, komai ƙwarewarsa, sai an faɗi sau ɗaruruwa. Ba kowane gida ke yin haka ba, amma mai wasa ba shi da hanyar leƙa cikin inji ya gani.

Me ya sa mutum mai hankali zai yi ta zuba kuɗi a abin da ke kayar da shi? Wani masanin halayya na jami'ar Harvard, B. F. Skinner, ya yi shekaru yana gwaji da tattabaru. Tattabarar da ake bai wa tsaba duk sa'ad da ta saƙi maɓalli, in aka daina ba ta, nan da nan take haƙura. Wadda kuwa ake bai wa jefi-jefi, ba ta san ko sara na nawa ne zai kawo tsaba ba, ita ce ke yin ta sara ba ƙaƙƙautawa, ko da an daɗe ba a ba ta komai ba. Skinner da kansa ya ce da wannan dabara ce injinan caca ke riƙe mutane. Akwai kuma abin da za mu kira saura ƙiris. A 2009 masu bincike a jami'ar Cambridge ta Ingila sun nuna cewa in mutum ya kusa ci bai ci ba, sassan ƙwaƙwalwar da ke motsawa lokacin nasara suna motsawa, sha'awar sake gwadawa kuma tana ƙaruwa, ko da yake mutumin bai ji daɗin faɗuwar ba. 'Yar tsanar da ta suɓuce daga ƙugiya a bakin rami ta fi wadda ba a taɓa ba jan kuɗi.

Tazarar da ke tsakanin gidan wasa da gidan caca tana ta ƙanƙancewa. A watan Afrilu na 2024 Dave & Buster's ya ba da sanarwar cewa zai bar abokan cinikinsa masu shekara 18 zuwa sama su sa kuɗi tsakaninsu a kan wasu wasanni ta hanyar wayar hannu, kamar a ce wa zai fi jefa ƙwallo cikin raga. Sanarwar ta ta da ƙura, har aka gabatar da ƙudurin hana irin wannan a majalisar jihar Illinois, domin da rana iyaye sukan kawo yara waɗannan gidaje.

Ma'aunin da Ikilisiya ta ba mu

Katekizim na Ikilisiyar Katolika, wanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ƙaddamar a 1992, ya yi maganar wasannin sa'a a sakin layi na 2413. Abin lura shi ne inda aka ajiye maganar: a ƙarƙashin doka ta bakwai, wadda ta hana sata. Koyarwar a taƙaice ita ce, wasan sa'a ko sa kuɗi a kan wasa ba su saɓa wa adalci a kan kansu ba. Suna zama abin ƙi ne sa'ad da suka hana mutum abin da yake bukata domin biyan bukatun kansa da na waɗanda ke wuyansa. Sha'awar caca tana iya zama bauta. Maguɗi a wasa kuma babban laifi ne, sai dai in ɓarnar ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Wannan na ƙarshe ya hau kan mai gidan da ya saita injinsa yadda ba za a ci ba, ya bar mutane suna zaton hannunsu ne bai daidaita ba.

Don me aka sa zancen a babin sata, alhali mutum kuɗinsa yake kashewa? Domin albashin magidanci ba nasa ne shi kaɗai ba. Tun kafin ya shigo hannunsa akwai rabon matarsa a ciki, da kuɗin makarantar yara, da na haya, da na maganin tsohuwarsa, da haƙƙin matalaucin da ke ƙofarsa. Manzo Bulus ya yi kakkausar magana a 1 Timoti sura 5 a kan wanda ba ya kula da mutanen gidansa. Mutum biyu suna iya tsayawa gaban inji ɗaya su kashe kuɗi daidai wa daida, ɗaya ya fita ba laifi domin rarar da ya ware wa nishaɗi ce, ɗayan kuwa ya fita da nauyin zunubi domin kuɗin cefanen gobe ne. Inji bai san bambancinsu ba. Lamirinsu ne ya sani.

A nan ya kamata mu dubi namu gida kaɗan. Majami'un Katolika da yawa a Amurka sun daɗe suna tara kuɗi da wasan bingo, mu ma a bikin godiyar kaka mukan sayar da tikitin gwada sa'a. Ba haram ba ne, tun da kowa ya san kuɗin na aikin coci ne, amma kwamitin da ke matsa wa mai ƙaramin ƙarfi ya sayi tikitin da ya fi ƙarfinsa don kada ya ji kunya a gaban jama'a, ya sani ma'aunin nan ya hau kansa shi ma.

Waliyyi Faransis na Sal, bishop na Janeba, cikin littafin da ya rubuta wa masu aure da ma'aikata a 1609, ya ƙara abu biyu da suka dace da zamaninmu ƙwarai. Na ɗaya lokaci ne: wasan da aka daɗe a kansa ya tashi daga hutu ya zama aiki, mutum ya tashi a gajiye fiye da yadda ya zauna. Na biyu shi ne zuciya: a yi wasa, amma kada a ba shi ƙauna, kada a riƙa ɗokinsa ana tunaninsa. Gwaji mai sauƙi ke nan ga wanda ya dawo daga irin wannan dare. Washegari ya tashi da sauƙin rai, ko kuwa da ciwon kai da lissafin tikitin da ya rage masa kafin ya kai ga kayan da ke saman kanta? Katin nan ba ya ƙarewa daidai. Kusan kullum akan bar ɗan maki ko tikiti a ciki, wanda bai isa komai ba sai dai ya ja mutum ya dawo.

Batun giya ma ba a raba shi da wannan. Sakin layi na 2290 ya yi gargaɗi a kan wuce gona da iri a ci da sha, ya kuma ce wanda ya jefa ransa da na wasu cikin haɗari a kan hanya saboda maye ya ɗauki babban laifi. Mutumin da ya sha ba ya lissafi daidai a gaban inji, ba ya kuma tuƙi daidai a hanyar gida. In daren Asabar ne, a tuna da Misa ta safiyar Lahadi.

Wanda ya riga ya kamu

Akwai waɗanda wannan darasi ya zo musu a makare, ko a gaban inji suka kamu ko a shagon cacar ƙwallo ko a wayar da ke aljihunsu. Likitoci sun yarda cewa ciwo ne: a 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa jarabar caca a aji ɗaya da ta giya da ƙwaya, a 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da jarabar wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka. Alamominsa sanannu ne: mutum yana komawa domin ya fanshe abin da ya rasa, yana ɓoye wa iyalinsa abin da ya kashe, yana cin bashi, ya yi alkawarin bari sau da yawa ya kasa. Zagi da gori ba sa warkar da shi.

Ikilisiya tana da waliyyi da ya bi ta wannan hanya. An haifi Kamilus na Lellis a Italiya a 1550. Ya shiga soja tun yana saurayi, caca kuwa ta kama shi har aka taɓa korarsa daga wani asibiti a Roma inda yake jinya yana kuma aiki, saboda karta da rigima. A 1574 a birnin Naples ya yi caca da duk abin da ya mallaka, har makamansa da rigar jikinsa, aka cinye. Ya koma bara, daga baya ya sami aikin lebura a wurin gini na 'yan zuhudun Kafushin a Manfredoniya. Ranar 2 ga Fabrairu 1575, yana kan hanya bayan wani ɗan zuhudu ya yi masa nasiha, ya durƙusa ya tuba da kuka. Ya koma asibitin nan da aka kore shi ya yi hidimar marasa lafiya, Waliyyi Filibus Neri ya zama mai jin furcin zunubansa da ba shi shawara, aka naɗa shi firist a 1584, ya kafa ƙungiyar masu jinya da ke sa jan gicciye a ƙirji. Ya rasu a 1614. Abin koyi a labarinsa shi ne bai fita shi kaɗai ba: ya sami wanda ya faɗa masa gaskiya, da wanda yake kai wa lissafin ransa a kai a kai, da aikin da ya cika masa lokacin da a da yake bai wa karta. Ƙungiyar Gamblers Anonymous, wadda aka kafa a Los Angeles a 1957, a kan irin wannan tushe take aiki, watau masu ciwo ɗaya su riƙa haɗuwa suna faɗa wa juna gaskiya.

Ga matasanmu kuwa akwai misali na kusa. Karlo Akutis, yaron Milan da ya rasu a 2006 yana da shekara 15, wanda Paparoma Leo na Goma Sha Huɗu ya ayyana shi waliyyi ranar 7 ga Satumba 2025, yana son wasannin bidiyo kamar kowane yaro. Bai jefar da na'urarsa ba. Ya yanka wa kansa sa'a ɗaya a mako, ya kuwa tsaya a kai.

Dabarar Karlo ita ce ta fi amfani ga mai niyyar zuwa gidan wasan manya, gama iyakar da za ta riƙe mutum a waje ake yanka ta, tun hankali yana kwance. Ya ƙayyade kuɗin da zai kashe, wanda in ya ɓace duka ba wanda zai kwana da yunwa a gidansa, ya ɗauke shi a matsayin kuɗin kallo da ba zai dawo ba. Ya riƙe tsabarsa a hannu, ya bar katin banki a gida, in makin ya ƙare kada ya sake zubawa. Ya faɗa wa matarsa ko abokin tafiyarsa adadin da kuma lokacin tashi. Ya fi karkata ga wasannin da ake yi tare da mutane a kan waɗanda mutum ke tsayawa shi kaɗai yana fuskantar gilas.

Muna roƙon katekistoci da shugabannin ƙungiyoyin maza, da Zumuntar Mata, da na matasa, su karanta sakin layi na 2413 da 1 Korintiyawa 6:12 a taronsu na wannan wata, su tattauna a kansu. Kowane gida kuma, miji da mata su zauna su rubuta abin da suka kashe a kan nishaɗi a watan da ya wuce, har da katin waya da shagon ƙwallo, su ajiye shi kusa da lissafin kuɗin makaranta. Wanda ya ga alamomin da muka ambata a kansa ko a kan wani nasa, ya sami Fada bayan Misa ko a lokacin furcin zunubi.